Kundin Launin Motocin Da

Duk wanda ya ga tsohuwar Peugeot 504 tana kutsawa cikin rairayi tsakanin Babura da Kanya Babba, da wuya ya tuna cewa launin nan nata da rana ta koɗar yana da suna da lamba a wani kundi. A da, bisa al'adar dillalan motoci na Turai da Amurka, akan ajiye littafi mai kaurin bango, wanda aka manna wa 'yan katunan fenti tare da ƙyallayen yadi da fatar kujeru, domin mai saye ya shafa da hannunsa, kamar yadda ake taɓa shadda a Kantin Kwari kafin ciniki ya faɗa.

Haƙiƙa wannan zaɓi ni'ima ce, domin daga 1914 zuwa 1925 baƙin fenti kaɗai kamfanin Ford yake yi wa motarsa Model T. Ita kuwa 504 ta bayyana a Faransa a 1968, kana masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta harhaɗa ta.

Yau masu tara kayan tarihi suna farautar waɗannan kundaye, alhali mai fenti ya fi su buƙata, domin shafin da bai sha rana ba shi ne hujjarsa idan zai mayar wa mota kamanninta na asali.