AIKIN ƊAN SANDA: ABIN DA SAURAYIN TURAWA ZAI AUNA KAFIN YA SA KAKI

Duk lokacin da aka ba da sanarwar za a ɗauki sababbin 'yan sanda, labarin yakan isa Turawa tun kafin rana ta faɗi. Samarin da suka gama makarantar sakandare sukan kama hanyar Karaye domin neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, daga nan kuma su nemi shagon da ke da kwamfuta don cike takardun neman aiki. Haka abin yake a Rogo da sauran garuruwan yammacin Jihar Kano. A ƙasar da mafi yawan jama'a manoma ne, wasu kuma masunta a madatsar ruwa ta Challawa, aikin gwamnati mai albashi a ƙarshen kowane wata abu ne da iyaye ke ɗauka da muhimmanci ƙwarai.

To amma kafin saurayi ya sa hannu a takarda, ya kamata ya san irin rundunar da zai shiga, da inda ta samo asali, da abin da za ta nema daga gare shi. Maganar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan saboda muhawarar da ake yi a kan ba jihohi ikon kafa nasu 'yan sanda.

DAGA DOGARAI ZUWA 'YAN DOKA

Kafin zuwan Turawan mulkin mallaka, dogarai ne ke tsare lafiyar jama'a a ƙasar Hausa. Su ke kama ɓarawo, su isar da saƙon sarki, su kuma zartar da hukuncin alƙali. A can kurmi kuwa, Ingilishi sun kafa wata 'yar ƙaramar rundunar tsaro ta mutum talatin a Ikko cikin 1861, kuma a 1879 aka kafa wata runduna mai ɗauke da makamai wadda aka laƙaba wa sunan Hausawa, saboda yawan masu jin Hausa a cikinta. Kamfanin Royal Niger shi ma ya kafa tasa a Lakwaja cikin 1888. A 1930 ne aka haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya guda ɗaya, mai hedkwata a Ikko.

Duk da haka, a Arewa an bar wa En'e nata 'yan sanda, watau 'yan doka, waɗanda ke ƙarƙashin sarki da majalisarsa. Ɗan doka ɗan gari ne. Ya san kowace unguwa da kowane lungu, ya san ɗan wane da jikan wane, saboda haka ɓarawo bai cika ɓace masa ba. Muƙamin shugabansu kuwa babba ne, domin marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe matsayin Wakilin Doka na En'en Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi Senegal a matsayin jakada, sa'an nan ya hau gadon sarautar Kano a 1963.

Sai dai kuma a zamanin siyasar jamhuriya ta farko an yi ta kuka da 'yan doka. Magoya bayan jam'iyyar NEPU sun sha zarginsu da kame da duka da hana taro, kamar yadda 'yan hamayya a Jihar Yamma suka yi ta kuka da 'yan sandan ƙananan hukumominsu. Da soja suka karɓi mulki a 1966, aka naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin Yusufu Gobir ya duba sha'anin 'yan sanda da gidajen yari, ya kuwa ba da shawarar a mayar da su duka hannun Gwamnatin Tarayya. A zamanin Janar Yakubu Gowon aka zartar da shawarar, aka narkar da 'yan dokan da suka cancanta cikin rundunar tarayya. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 214, ya ƙarfafa wannan tsari, inda ya ce ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba ban da ta Nijeriya.

ƘOFOFI BIYU NA SHIGA

Mai neman aikin yana da ƙofa biyu a gabansa. Ta farko ita ce shiga a matsayin kurtu. A sanarwar da aka saba bayarwa, ana neman wanda shekarunsa suke tsakanin 18 da 25, wanda ya ci darussa biyar a jarrabawar ƙarshe ta sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, na mace kuwa mita 1.64, kuma ana auna faɗin ƙirjin namiji. Bayan tantance takardu akwai jarrabawa ta kwamfuta, da binciken likita, da binciken hali, domin wanda kotu ta taɓa samu da laifi ba shi da gurbi. Wanda ya tsallake sai a tura shi horo na wasu watanni a ɗaya daga kwalejojin 'yan sanda, kamar ta Kaduna ko Maiduguri ko Ikeja ko Oji River, inda zai koyi fareti, da riƙe bindiga, da dokokin laifuffuka, da yadda ake rubuta bayanin mai ƙara da na wanda ake tuhuma.

Ƙofa ta biyu tana nan cikin Jihar Kano, watau Makarantar Horon Manyan 'Yan Sanda ta Wudil. An kafa ta a 1988, kuma daga 2013 ta fara ɗaukar ɗalibai masu karatun digiri. Ana shiga ta hanyar jarrabawar JAMB, sa'an nan a yi gwajin makarantar kanta. Karatun shekara biyar ne, ana haɗa ilmin jami'a da horon ɗan sanda, wanda ya gama kuma yana fita da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda. Ɗalibin da ke da ƙoƙari a aji, tun yana shekarar ƙarshe ta sakandare ya kamata ya sa ido a kan wannan ƙofa, domin iyakar shekarun shiga ba ta kai ta kurtu ba, kuma wanda ya yi jinkiri yakan iske an rufe.

Akwai gargaɗi guda da ya kamata iyaye su riƙe. Neman aikin kyauta ne. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da buhunan masara ko ɗan maraƙi a ba shi kuɗi zai samo gurbi, macuci ne, kuma gidaje da yawa a karkara sun yi asarar amfanin shekara guda ta wannan hanya. Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ce doka ta ba ikon ɗaukar kurata, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da wannan iko a 2023, bayan doguwar jayayya tsakaninta da ofishin Sufeto Janar.

ABIN DA AIKIN KE BAYARWA

Ɗan sanda ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne. Yana da matakan ci gaba a gabansa, daga kurtu zuwa kofur, zuwa saje, zuwa sufeto, kuma wanda ya ƙara ilmi yana iya kai wa ga manyan muƙamai. Yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Rundunar kuma tana da sassa da yawa: akwai masu binciken manyan laifuffuka, da 'yan kwantar da tarzoma, da masu kwance bom, da masu kula da hanya, da sashen sadarwa, da asibiti, da masu kaɗa badujala. 'Yan sandan Nijeriya sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasashen waje tun daga rikicin Kwango na 1960.

Mutanen Kano ba sa bukatar a je nesa wajen nemo misali. Gwamnan farko na jihar, Alhaji Audu Bako, ɗan sanda ne. A barikin 'yan sanda na Kaduna aka haife shi, ya shiga aikin a 1942, ya koyar a kwalejin Kaduna, sa'an nan ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda suna cikin ayyukan da har yau ake tunawa da shi a kansu. Alhaji M. D. Yusufu na Katsina kuma ya shugabanci rundunar baki ɗaya daga 1975 zuwa 1979.

ABIN DA AIKIN KE KARƁA

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Wanda ya sa kaki ya ba da kansa, ba shi da ikon zaɓen inda zai zauna. Yana iya buɗe ido ya ga an tura shi Bayelsa ko Borno, ga gona a Turawa, ga tsofaffin iyaye, ga iyali. Ba shi da sallah ko juma'a sai wadda aiki ya bar masa, kuma doka ta hana shi yajin aiki. Kukan ƙarancin albashi da lalacewar gidajen bariki tsoho ne, kuma a watan Yuli 2025 tsofaffin 'yan sanda sun yi zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin fansho na karo-karo, saboda abin da suke samu bai isa riƙe gida ba.

Haɗarin rai kuma gaskiya ne. A rikicin Maitatsine na Disamba 1980, 'yan sanda suna cikin waɗanda suka fara rasa rayukansu a birnin Kano kafin a kira soja. Ranar 20 ga Janairu 2012, Boko Haram ta kai hari a kan hedkwatar shiyya da wasu ofisoshin 'yan sanda na birnin, mutum fiye da 180 suka mutu. Ƙasar Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, waɗanda suka sha fama da ɓarayin daji masu satar shanu da mutane, saboda haka mutanen yankin sun san ma'anar a tsaya gadin hanya da tsakar dare.

Abu mafi wuya kuwa shi ne tsare mutunci. Jama'a sun daɗe suna kuka da karɓar na goro a shingen hanya, da neman kuɗin beli alhali a bangon caji ofis an rubuta cewa beli kyauta ne, da tsare mutum fiye da lokacin da doka ta yarda. Irin wannan kuka ne ya haifar da zanga-zangar Oktoba 2020, wadda ta sa aka rushe sashen SARS. A shekarar ce kuma aka sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta hana kama wani a madadin ɗan'uwansa, ta kuma hana kama mutum saboda rikicin bashi. Saurayin da zai shiga aikin ya san cewa a watansa na farko zai gamu da wanda zai miƙa masa kuɗi a naɗe, kuma abin da ya yi a ranar shi zai bi shi har ritaya.

MUHAWARAR 'YAN SANDAN JIHA

Masu goyon bayan a ba jihohi nasu 'yan sanda suna cewa runduna guda da ba ta kai mutum dubu ɗari huɗu ba, ba za ta iya tsare jama'ar da ta haura miliyan ɗari biyu ba. Suna ƙarawa da cewa gwamna ana kiransa shugaban tsaro na jiharsa, amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarni, kuma baƙon da bai ji harshen gari ba, ba ya samun labarin sirri. Sukan kawo misalin Amurka, inda jihar Pennsylvania ta kafa nata tun 1905, da Indiya, inda aikin 'yan sanda ke hannun jihohi. Masu adawa kuwa suna tuno zamanin 'yan doka, suna tambaya: wa zai hana gwamna amfani da su a kan abokan hamayya ranar zaɓe, kuma jihar da ke kasa biyan malaman makaranta da me za ta biya mai riƙe da bindiga?

Jihohi dai ba su zauna jira ba. Kano ta kafa Hukumar Hisba a 2003, da KAROTA a 2012. Jihohin Yarabawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoba 2023, Zamfara kuma ta fito da askarawanta a Janairu 2024. Waɗannan duka ba su da cikakken ikon ɗan sanda. A Fabrairu 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni sun amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jiha, abin da ke bukatar gyaran tsarin mulki, watau yardar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da kuma majalisun dokoki na jihohi 24 cikin 36.

Duk runduna ta jiha da za a kafa za ta buɗe wa samarin Karaye da Rogo guraben aiki kusa da gida, kuma za ta ɗora musu nauyin da ɗan doka ya ɗauka a da, watau kama ɗan maƙwabci idan ya yi laifi, da ƙin kama wanda bai yi ba ko da babba ne ya ba da umarni. Saboda haka ya kamata mai sha'awar aikin ya gyara takardunsa tun da wuri, ya kula da lafiyar jikinsa, ya nisanci ƙwaya, domin ana yin gwaji, ya kuma zauna da wani tsohon ɗan sanda na yankinsu ya ji daɗin aikin da wahalarsa daga bakin wanda ya yi shi. Bayan haka sai ya nemi shawarar iyayensa da albarkarsu kafin ya kama hanyar Karaye.