Me ya sa fim ɗin da ya yi tas a salula yake dagulewa a babban allo?

Bara da kaka, bayan ya sayar da riɗinsa, wani ƙanena mazaunin Dungas ya sayo kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a Kano, ya haɗo da sabuwar tele mai faɗin inci 43. Da daddare aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka jona kwamfutar da telen, ya buɗe bidiyon bikin ƙanwarmu wanda ya fi shekara goma yana yawo daga wannan salula zuwa waccan. Amarya ta fito kamar an shafa fuskarta da jiƙaƙƙen tsumma. Zanen atamfar ƙawaye ya koma dabbare-dabbare, kuma kowa ya yi ƙiba, har da kawunmu da duk dangi suka san shi siriri ne kamar karan dawa.

Washegari ya kira ni. "Yaya, an cuce ni. Ko telen ce jabu, ko kwamfutar ce mai ciwo."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, domin ba wanda ya cuce shi. Telen lafiyarta lau, kwamfutar ma haka. Tsirara suka nuna masa abin da ƙaramin gilashin salula ya daɗe yana rufawa.

Duk hoton da ke kan allo tarin ɗige-ɗige ne, kamar yadda adon hula yake tarin ɗinkin allura ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗigo da launinsa. Allon tele na zamani da ake rubuta wa 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla sama da miliyan biyu. Yawancin kwamfutocin hannu da ke shigo mana ta Kano da Maigatari suna da 1,366 da 768, wato miliyan ɗaya da ɗoriya. Shi kuwa faifan sidi na bidiyo, wanda fina-finan Kano suka yi ta zuwa mana a kansa bayan zamanin kaset, ɗigonsa 352 ne da 288, wato 101,376 kacal. Bidiyon YouTube da aka sauke a matakin 240 kusan haka yake. Na matakin 144, wanda mai ƙarancin data ke fakewa da shi, ɗigo 36,864 ne. In ka baje shi a allon 1080, kowane ɗigo ɗaya na gaskiya sai ya cike gurbin hamsin da shida.

Sauran hamsin da biyar ɗin fa? Kwamfuta ce ke ƙirƙiro su, kuma wannan shi ne aikin da ake kira faɗaɗa hoto. Misalinsa kunun mutum ɗaya ne baƙi goma suka sauka, uwargida ta tsinka shi da ruwa. Ƙwarya ta cika, amma geron da ke ciki na mutum ɗaya ne. Gwanintar mai damu tana da tasiri, ba shakka, sai dai ba ta haifar da gero.

Hanyoyin tsinkawar sun bambanta. Mafi sauƙi ita ce kwamfuta ta maimaita ɗigon nan sau da yawa, shi ya sa wani lokaci gefen fuska ke fitowa kamar matakalar bene. Ta biyu, ta dubi ɗigo huɗu da ke maƙwabtaka ta ɗauki tsaka-tsakinsu. Matakala ta ɓace, amma hoton ya yi laushi kamar ana kallonsa cikin hazon hunturu. Ta uku tana duba ɗigo goma sha shida, don haka ta fi riƙe gefen abubuwa. Akwai kuma wadda aka sa wa sunan Cornelius Lanczos, masanin lissafi ɗan ƙasar Hangare, wadda ta fi su fitar da kaifi, ko da yake takan bar wani siririn haske a gefen abu mai duhu. Manhajoji irin su mpv da MPC-HC suna ba mutum damar zaɓar wadda yake so. A ganina, a kan ƙaramin allon kwamfuta mai inci 14 ko 15, bambancin ta uku da ta huɗu bai kai a ɓata dare a kansa ba. Ana jin daɗin gardamarsa ne kawai a majalisar masu gyara.

Abin da ya fi ƙarancin ɗigo lalata mana kallo shi ne matsi. Faifan DVD yana ɗaukar giga 4.7. A ce fim na awa biyu ya cika shi, sannan mai shagon turi ya matse shi ya koma mega 200 don ya shiga katin memori tare da wasu talatin. An zubar da sama da kashi goma sha tara cikin ashirin ke nan. Dabarar matsin ta samo asali daga lissafin da Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Indiya, ya wallafa da abokan aikinsa a Amurka a 1974: ana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai, a cikin kowanne a riƙe launin da ya rinjaya, a yar da ƙananan bayanai da ido ba ya saurin lura da su. In an matse daidai, ba ka gane komai. In an wuce gona da iri, murabba'an su fito fili, musamman wurin rawa, ko ƙurar hawan sallah, ko lokacin da ƴan kokawa suka sarƙe, domin a nan komai na motsi kuma bayanan da suka rage ba sa isa.

Akwai wata magana da nake yawan ji a shagunan turi na Magariya, wai fim yana rage kyau in an yi ta tura shi. A zamanin kaset gaskiya ne, kowane kwafi ya fi na gabansa lalacewa. Yanzu kuwa in ka tura fayil ta Xender, ko ta Bluetooth, ko ka kwafa daga kati zuwa kati, abin da ya tashi shi ne ya sauka, ko sau dubu aka yi. Inda ake asara shi ne wurin juya fayil don a rage nauyinsa, da kuma WhatsApp da Facebook, waɗanda ke sake matse bidiyo in an ɗora shi yadda aka saba. Bidiyon ƙanwarmu ya bi ta duka: daga kaset ɗin mai kyamara zuwa sidi, daga sidi zuwa ƙaramin fayil na tsofaffin salula mai ɗigo 176 da 144, sannan ya shiga zauren dangi na WhatsApp. Ba na mamakin yadda ya fito. Mamakina shi ne da har aka gane amarya.

Duk da haka akwai abin gyarawa, kuma kyauta ne. Kusan kowace kwamfuta a nan tana da VLC, manhajar nan mai alamar hular kan titi ruwan lemo, wadda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faris suka faro a 1996 aka sake ta ga kowa a 2001.

Ƙibar kawunmu ita ce ta fi sauƙin magani. Tsofaffin fina-finai an ɗauke su ne don tele mai kusan murabba'i, faɗi 4 tsayi 3. Allon yanzu 16 ne da 9. In aka ja tsohon hoto ya cika sabon allo, kowa zai ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku. A VLC, danna harafin A har hoton ya koma 4:3. Baƙin fili zai bayyana dama da hagu, kuma nan ne rigima take, don mutanenmu ba sa son ganinsa. Sai a ce an sayi tele da tsada amma rabinta na zaman banza. Ƙanena ma sai da muka ja. Ni dai na fi son baƙin gefe a kan in ga ɗan wasa Ibro ya koma mai tumbi.

Sai haƙoran matsefi, wato ƴan layukan da ke fitowa a gefen mutum in ya motsa. Tsohuwar tele ba ta zana hoto gaba ɗaya. Tana zana rabin layukan, sannan ta cike sauran, sau hamsin a daƙiƙa. Bidiyon da aka ɗauko daga DVD ko kaset ɗin kyamarar biki yakan zo da wannan saƙar, allon kwamfuta kuma ya nuna rabi biyun a lokaci guda. Harafin D a VLC yana warware ta. Af, dattawa za su tuna lokacin da kaset ɗin Kano ke fitowa fari da baƙi a wasu telolin nan Nijar: Najeriya tana kan tsarin PAL, Nijar kuma ta gaji SECAM daga Faransa. Wannan matsalar ta tafi da zamaninta.

Wurin da mutane suka fi ɓarna shi ne akwatin gyaran launi, wanda ake buɗewa da Ctrl da E, ko ta Outils a kwamfutar da ke Faransanci. Mutum ya ga fim ya yi duhu, sai ya ja sandar haske sama. Ita kuwa wannan sandar komai take ɗagawa, har baƙin dare ya koma ruwan toka. Wadda ta dace da fuskokinmu ita ce gamma, domin tana buɗe tsakiyar launi ta bar baƙi da fari kusan inda suke. Daga 1 a kai ta 1.2 ko kusa da haka, sai ka ga idon baƙin mutum da murmushinsa sun fito a wurin da fitila ba ta isa ba. Sandar ƙarfin launi a bar ta, in ba haka ba fata ta koma kamar an shafa mata manja. Ita kuma sandar kaifi, taɓawa kaɗan ta isa. Ba ta san bambancin gashin gira da dattin matsi ba, duka take wasawa, shi ya sa a kan fim ɗin da aka matse sosai murabba'an ne ke ƙara fitowa raɗau. Garin neman gira ake rasa ido. Ita kanta telen tana da nata kaifin da ƴan kamfani ke ɗagawa don ta ja ido a shago, a rage shi.

In an jona kwamfuta da tele, a yi amfani da wayar HDMI in akwai, a bar tsohuwar mai shuɗin kai. Idan bayan haka baƙi ya fito kamar toka, ko kuma duhu ya haɗiye komai, rashin fahimta ce tsakanin na'urorin biyu: kwamfuta tana ƙirga haske daga 0 zuwa 255, bidiyo kuma daga 16 zuwa 235. Akwai wurin daidaita wannan a saitin hoto na kwamfutar ko a na telen, su biyun su tsaya kan ma'auni ɗaya.

Wani lokaci kuma hoton lafiya lau yake, amma yana sarƙewa. Sababbin fayiloli masu matsin H.265 suna wahalar da kwamfutocin Intel da aka ƙera kafin 2015, saboda ba su da sashen da ke warware shi kai tsaye. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40 a ma'auni. In kwamfuta ta yi zafi da kanta take rage gudu. A ɗauke ta daga kan katifa, a kai a hure mata ƙura, a nemi fayil mai H.264 a matakin 720. Ga allo mai 768 wannan ya wadatar, sauke 1080 ɓarnar data ce.

Matasa masu bin labaran fasaha za su ce ai yanzu ƙirƙirarriyar basira tana mayar da tsohon bidiyo sabo. Akwai ƙamshin gaskiya. A Fabrairun 2023 kamfanin Nvidia ya fitar da irin wannan dabara ga masu katin hoto na RTX, kuma tana rage murabba'ai tana gyara gefen abubuwa yadda tsofaffin hanyoyin ba sa iyawa. Sai dai katin kaɗai ya fi kwamfutar ƙanena tsada, kuma na kwamfutar tebur yakan ja wuta fiye da wat 100, abin da gidan da ke dogaro da faranti ɗaya na sola ba zai ɗauka ba. Wanda ya sha duhun da ya biyo bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023 ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Ita wannan basirar ba ta tuno abin da ya ɓace, zato take yi daga dubban hotunan da aka horar da ita a kansu. A 2020 wani ya ba wata manhaja mai suna PULSE, ta jami'ar Duke a Amurka, dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar Bature fes. Ga fim na nishaɗi wannan ba komai ba ne. Amma in bidiyon marigayi mahaifinka ne, ko tsagar da ke kumatun kakarka, za ka iya samun hoto mai kyau na mutumin da ba ka taɓa sani ba. Na fi amincewa da dusasshe na gaskiya.

Daren da na je Dungas, gyara uku muka yi. Muka mayar da hoton 4:3, muka rage kaifin telen, sannan muka ja tabarmi baya kamar taku huɗu, domin daga nesa ido da kansa yake haɗe ɗige-ɗigen, kamar yadda adon hula ke fitowa sosai in ba a manna ta a hanci ba. Aka kalli biki har ƙarshe, tsofaffi na nuna waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mun nemi mai kyamarar da ya ɗauka ko yana da asalin kaset ɗin, ya ce tuni ya ɗora wani bikin a kansa.

Don haka mai karatu, in ka ɗauki mai kyamara a biki ko suna ko saukar karatu, ka shigar da asalin fayil ɗin cikin ciniki tun kafin a fara. Ka karɓe shi da nauyinsa yadda ya fito daga kyamara, ka ajiye a wuri biyu, kuma in za ka aika wa ƴan'uwa ta WhatsApp, ka aika shi a matsayin fayil, kada ka ɗauko shi daga ma'ajiyar hotuna.