Kawar da Gansakuka da Funfuna Daga Rufin Ɗaki Ba da Ƙarfin Ruwa Ba: Nazari Daga Sabon Birni da Isa

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa garuruwan Sabon Birni da Isa a ƙarshen damina, idan ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje, zai ga wani kore-kore ko baƙi-baƙi ya bi hanyar da ruwa ke gangarowa, musamman ƙarƙashin indararo da gefen da inuwar itace ta rufe. Masu gida da yawa suna ɗaukar wannan abu a matsayin dauɗa kawai, wadda ruwa mai ƙarfi ko kankara za su raba ta da rufi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana cewa abin da ake gani ɗin halitta ce mai rai, kuma hanyar maganinta ita ce a kashe ta a hankali, a hana ta abin da take rayuwa da shi. Wanda ya tunkare ta da ƙarfi yakan kore ta na 'yan watanni, amma ya rage wa rufinsa shekaru.

Ƙasar da Ire-iren Rufinta

Sabon Birni da Isa suna gabashin Jihar Sakkwato, cikin tsohuwar ƙasar Gobir wadda babban birninta, Alƙalawa, ya faɗi a shekarar 1808. Ƙasa ce ta fadama, domin a wannan yanki ne kogunan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi suke tattara ruwansu cikin Gulbin Rima. Damina ba ta da tsawo, daga watan Yuni ne zuwa Satumba, amma a cikin Agusta ana samun marka, inda rufi kan kwana biyu ko uku bai bushe ba. Wannan ɗan lokaci ya ishi gansakuka ta kafu.

Rufin da ake samu a nan iri huɗu ne. Akwai jinka ta ciyawa, wadda ake sabuntawa idan ta tsufa. Akwai soro, wanda ake jera wa azara ta giginya, a shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa a daɓe. Akwai kwano da fallayen asbestos, waɗanda suka yawaita a makarantu da gine-ginen hukuma. Na huɗu shi ne rufin tayil. Na gasasshen yumɓu da na siminti ba su yawaita a wannan yanki ba, amma dangoginsu, wato kwanon da aka lulluɓe da ƙananan tsakuwa aka yi masa siffar tayil, wanda ake kira Gerard a kasuwa, ya fara bayyana a sababbin gidaje. Shi ne kuma ya fi jawo tambayar yadda za a wanke shi, saboda tsadarsa da kuma yadda fuskarsa mai kaushi take riƙe ƙura.

Mece ce Gansakuka, Mece ce Funfuna?

Kalmar gansakuka a Hausa ta ƙunshi koren abin da ke yaɗo a kan ruwan kududdufi da kuma wanda ke manne wa jikin randa, bakin rijiya ko bango mai laima. Ita tana yin abincinta ne da hasken rana kamar sauran tsirrai. Funfuna kuwa, wadda a karin harshen yamma ake ce wa hunhuna, ba ta bukatar haske. Tana cin rubabben ganye, kashin tsuntsu da na jemage, har da itacen da ke riƙe da rufi, shi ya sa aka fi ganinta a lunguna da ƙarƙashin rufin. Baƙaƙen layukan da ake gani a kan tayil yawanci aikin wata ƙwayar halitta ce da masana kimiyya ke kira Gloeocapsa magma. Baƙin nata wata riga ce da take kare kanta da ita daga zafin rana, kuma da ita take jure rani. Saboda haka bushewar da take yi lokacin hunturu ba mutuwa ba ce, kwanciya ce, ruwan farko yana zuba sai ta farka.

Abin lura shi ne hunturun da ke busar da ita shi ne kuma ke kawo mata abinci. Kaso mai yawa na ƙurar da iskar hunturu ke ɗaukowa yana tasowa ne daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai gina tsiro. Wannan ƙura takan kwanta cikin kwarin tayil da bakin indararo, ta haɗu da ganyen darbejiya da ya kaɗe, ta zama taki. Idan damina ta sauka, an haɗa mata abinci da ruwa da inuwa ke nan.

Ɓarnar da take yi ba ta tsaya ga muni ba. Tana riƙe laima, laima kuma tana jawo tsatsa a kan ƙusa da kwano, tana ruɓar da katako. Tana tare hanyar ruwa har ya koma da baya ya nemi kafa. Rufin da ya yi baƙi ya fi tara zafi, sannan santsinta yakan kayar da mai hawa gyara.

Dalilin da Ya Sa Ƙarfin Ruwa Yake Ɓarna

Injin feshin ruwa irin na masu wankin mota yana fitar da ruwa da ƙarfin da ya ninka na famfon gida sau 30 ko fiye. Idan aka kai shi kan rufi, abu uku ne ke faruwa. Na farko, yana kankare fuskar tayil: ya zubar da tsakuwar da aka manna a kan kwano, ya ɗaye fentin na siminti, ya buɗe ƙofofin jikin na yumɓu. Fuskar da ta yi kaushi kuwa ta fi saurin kama gansakuka, don haka sai ta dawo fiye da da. Na biyu, an jera tayil ne wani bisa wani domin ruwan da ke gangarowa daga sama. Ruwan da aka harba daga ƙasa ko daga gefe yakan kutsa ƙarƙashin haɗin, ya jiƙa katako da silin. Na uku, ruwa kaɗai ba ya kashe ƙwayar, sai dai ya watsa ta zuwa inda ba ta kai ba.

Haɗarin ya fi girma a kan rufin asbestos. Feshi mai ƙarfi ko gogewa da burushin ƙarfe yana sakin ƙananan zarurruka waɗanda ido ba ya gani, idan kuma aka shaƙe su suna kawo cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Tsohon asbestos yana da saurin fashewa a ƙarƙashin ƙafa. Irin wannan rufi barinsa ya fi taɓa shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hanyar Wanki Cikin Lalama

Aikin yana farawa ne da shara. Ana share busasshen ganye da ƙura da tsintsiya mai laushi, daga tsororuwa zuwa ƙasa, a buɗe kwaruruka da magudanan ruwa. Sannan a kawar da duro da randunan da ake tarar ruwan sama da su, a ɗaure dabbobi nesa, a jiƙa shukar da ke kusa da gini da ruwa mai kyau domin kada magani ya ƙone ta.

Maganin da aka fi samu a kasuwa shi ne ruwan bilic na wanki, irin su Jik da Hypo. Ƙungiyar masu ƙera kayan rufin kwalta ta Amurka ta ba da shawarar a gauraya bilic da ruwa rabi da rabi, a fesa, a bar shi minti 15 zuwa 20, sannan a ɗauraye da ruwa marar ƙarfi, ta kuma yi hani da injin feshi. Wannan ƙa'ida tana aiki ga tayil, sai dai yana da kyau a fara gwadawa a wani ɗan lungu a ga ko launi zai canza. Famfon goyo irin na manoma ya wadatar, da sharaɗin ba a taɓa zuba masa maganin ciyawa ko na ƙwari ba. A zaɓi safiya mai sanyi ko ranar da ke da gajimare ba iska, domin rana mai zafi tana busar da maganin kafin ya yi aiki. Ɗauraya kuma daga sama take farawa, ruwa ya bi hanyar da ya saba bi.

Ba dole ne rufi ya yi fes a ranar ba. Gansakukar da ta mutu takan yi fari ko ruwan ƙasa, ta saki jikin tayil, ruwan sama ko iska su kwashe ta cikin makonni. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne: kada a haɗa bilic da wani maganin wanki, musamman mai tsami irin na bayan gida, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Mai aiki ya sa safar hannu, ya kare idanunsa, ya taka bisa katakon da aka shimfiɗa, wani kuma ya riƙe masa tsani. Bilic yana cin ƙarfe, saboda haka kwano mai tsakuwa sai an ɗauraye shi sosai, shi kuwa kwanon alminiyom sabulu da ruwa sun ishe shi. Ruwan sama na farko da ya biyo bayan wanki ba a tara shi don sha.

Darasi Daga Maginan Gargajiya

Soro ba ya son bilic, ba ya son ruwa. Duk da haka, yadda magina suka saba kula da shi ya ƙunshi hikimar da ke cikin duk bayanin da ya gabata. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, ana hawa a share soro, a buɗe indararo, a cike tsaguwa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a sake yaɓe. Wasu suna shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwa ya zame. Ciyawar da ta tsiro a kai ana cire ta tun tana ƙarama, domin idan ta yi saiwa aka fizge ta, da ƙasar rufin za ta fito, ta bar ramin da ruwa zai bi ya kai ga azara. Soron da ya sha ruwa nauyinsa yana ƙaruwa, kuma a irin wannan hali ne ɗakuna ke rufta wa mutane cikin daren Agusta. A 'yan shekarun nan, rashin tsaro ya raba iyalai da yawa na wannan yanki da ƙauyukansu, kuma soron da damina ta ratsa ba mai hawa ya share shi, shi ne kan fara zubewa.

Rigakafin rufin tayil bai bambanta da wannan ba. A sare rassan da suka yi wa rufi rumfa domin rana ta same shi, a share shi sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. Akwai kuma dabarar kafa siririn fallen tagulla ko na tutiya a ƙarƙashin tsororuwa. Duk lokacin da aka yi ruwa, yakan ɗebi ɗan kaɗan daga ƙarfen ya gangara da shi, wannan kuwa yana hana gansakuka tsirowa. Shi ne ma dalilin da ya sa sabon kwano mai rufin tutiya ba ya saurin yin kore.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa gansakuka da funfuna suna rayuwa ne da laima da inuwa da tarin ƙura, kuma wanda ya raba su da waɗannan ya gama rabin aiki. Sauran rabin shi ne magani daidai gwargwado da ruwa marar ƙarfi. Kayan rufi sun canza daga azara da ƙasa zuwa kwano da tayil, amma ƙa'idar maginan Gobir tana nan: a hau rufi kafin ruwa ya sauka, a buɗe wa ruwa hanya, kada kuma a cire daga jikin rufi abin da ba za a iya mayarwa ba.