Labarin Ƙwaƙwalwa A Tambayi Ido

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Su kuwa masana kimiyya, labarin ƙwaƙwalwa suke tambayar ido, domin gano cutar gigin tsufa tun kafin ta bayyana.

A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'in wannan cuta da ya fi yawa, wanda ake kira da sunansa. A cikinta wani furotin mai suna amiloyid yakan taru dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Taruwar takan soma shekaru da dama kafin mantuwa ta kama mutum, don haka sa'ad da iyali suka lura, ɓarna ta riga ta yi nisa.

To, ina ruwan ido? Tun jariri na ciki, tantanin bayan ido, wato ratina, daga ƙwaƙwalwa yake tsirowa, kuma jijiyar gani ce ke haɗa su. Shi kaɗai ne ɓangarenta da likita zai leƙa ba tare da tiyata ba.

Da yake ɓera ba ya kamuwa da cutar da kansa, sai masana suka sanya masa ƙwayoyin gado na ɗan Adam masu haddasa ta. A shekarar 2011, ayarin Maya Koronyo-Hamaoui na asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles a Amurka ya buga sakamakon bincikensa a kan irin waɗannan ɓeraye. Sun yi musu allurar sinadarin da ke ba gangamau launin rawaya, wanda yakan manne wa amiloyid ya riƙa ƙyalli idan an haska shi. Sun ga dunƙulen a ido tun ɓerayen na da wata biyu da rabi, kafin su bayyana a ƙwaƙwalwa.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Idonsa ba shi da cibiyar kaifin gani irin ta mutum, kuma wasu masanan da suka duba idanun mutanen da cutar ta kama ba su sami dunƙulen ba. Saboda haka har yanzu hoton ido yana matakin gwaji. In ya tabbata, amfaninsa babba ne, domin ya fi hoton ƙwaƙwalwa sauƙi da araha, kuma magungunan da ke rage saurin cutar a farkonta ake ba da su.