YADDA ZA KA ƊORA GUNGUME KAN ƘARAMIN INJIN YANKA KATAKO

Malam manomi, idan itatuwan da ka dasa, kamar turare ko malaina ko darbejiya, sun isa sara, za ka fi samun riba in ka yanka su katako maimakon ka sayar da su itacen wuta. Ƙananan injinan yanka katako suna da gado na ƙarfe inda ake kwantar da gungume, zarto ya bi ta kansa. Wahalar aikin ita ce ɗora gungumen kan gadon nan. A nan ne mutane ke karya ƙafa ko su ɓata baya, a nan ne kuma gadon ke lanƙwashewa. Gado kuwa in ya lanƙwashe, katakon da zai fito ba zai miƙe ba, kafinta ba zai saye shi da daraja ba.

FARA SANIN NAUYIN GUNGUME

Ɗanyen ice ya fi yadda ido ke gani nauyi, saboda ruwan da ke cikinsa. Ɗanyen gungumen turare mai tsawon ƙafa 12 da faɗin baki inci 16 yakan kai wajen kilo 450, wato buhun masara huɗu da rabi. In faɗin bakin ya kai inci 24, nauyin ya kai tan ɗaya. Ka riƙe wannan: in faɗin baki ya ninka sau biyu, nauyi yakan ninka sau huɗu. Saboda haka auna gungume mafi girma da kake da shi, shi ne zai nuna maka hanyar da za ka bi.

HANYA TA FARKO: DANDAMALI

In injin a wuri ɗaya zai zauna, wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Nemi wuri mai ɗan gangare, ka kafa injin daga ƙasa. Kwantar da manyan itatuwa biyu masu ƙwari daga tudun zuwa bakin gado, tsayinsu ya yi daidai da na gadon ko ya ɗara shi kaɗan. A kansu za ka jera gumagumai, kana mirgino su ɗaya bayan ɗaya da sanda mai ƙugiya. Ba ka buƙatar ɗaga komai. Sa wa kowane gungume weji don kada ya gangaro kafin a neme shi.

HANYA TA BIYU: GANGARA DA IGIYA

Wannan ta dace da mai yawo da inji gona zuwa gona. Ga yadda ake yi:

1. Jingina itatuwa biyu masu ƙwari daga ƙasa zuwa bakin gado. Tsawonsu ya ninka tsayin gadon sau huɗu. In gado ƙafa 2 ne, gangara ta zama ƙafa 8.
2. Kafa turaku biyu a ɗaya gefen injin, ka ɗaure bakunan igiya biyu a jikinsu. Kada ka ɗaure a jikin gado, don ja zai iya goce shi.
3. Ƙetaro da igiyar ta kan gado, ka zura ta ƙarƙashin gungume, ka dawo da ita ta samansa.
4. Ɗaura wata igiya a tsakiyarta, masu ja su tsaya can bayan turaku.
5. A ja a hankali. Gungume zai riƙa mirginawa yana hawa. Mutum ɗaya ya tsaya daga gefe yana bin sa da weji.

Gangara irin wannan takan rage ƙarfin da ake bukata zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, zagayen igiya kuma ya sake raba shi biyu. Gungume mai kilo 450 sai ya zama kamar ana jan kilo 60 ko fiye kaɗan, abin da ƙarti biyu za su iya. In gungume ya fi haka, ɗaura wa shanun noma igiyar, amma sai masu horo waɗanda ke tsayawa da zarar an ce su tsaya.

HANYA TA UKU: SARƘAR ƊAGA KAYA

Ita ce irin wadda makanikai ke ciro injin mota da ita. Ana rataye ta a ƙarfe mai ƙwari da aka gitta bisa gado. Tana da jinkiri, amma tana sauke gungume a hankali, kuma mutum ɗaya ya isa ja. Duba lambar da ke jikinta. Mai tan ɗaya kada a ɗora mata fiye da tan ɗaya.

HANYA TA HUƊU: TARAKTA

Tarakta mai cokali a gaba ta fi sauri, sai dai haya tana da tsada, ba ta biya sai gumagumai sun yi yawa. Direba ya sauke su kan dandamali, kada ya saki gungume kan gado kai tsaye.

WACCE ZA KA ZAƁA?

Inji a wuri ɗaya, gina dandamali. Inji mai yawo da gumagumai matsakaita, gangara da igiya. Manyan gumagumai kamar na maɗaci, ga ƙarancin mataimaka, sarƙa. Ƙungiyar manoma mai aiki da yawa tana iya haɗa kuɗin hayar tarakta ta yini ɗaya.

A KULA

1. Kada kowa ya tsaya a ƙasan gangara ko tsakanin gungume da inji.
2. Kashe inji kafin a fara ɗorawa. A kori yara daga wurin.
3. Duba igiya kullum. Wadda ta fara tsinkewa, a canza ta.
4. Sassabe gindin rassa don gungume ya mirgina sosai.
5. Kankare ƙasa da yashi daga ɓawo, ka cire ƙusa ko waya, don su ne ke dakushe zarto.
6. Kada gumagumai su daɗe a ƙasa. Gara na cin su, bakin turare kuma yakan tsage in ya sha rana.

Rigakafi ya fi magani. Kafin ka sare itace, nemi izini wurin malamin daji, kuma duk wanda ka sare ka dasa wani a madadinsa. Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.