Ɓera, Juji da Aikin Dubagari

Da zarar an gama girbi, hunturu ya kama, asibitoci a jihohin Bauchi, Taraba, Ondo da Edo sukan fara karɓar masu zazzaɓin Lassa. Sunan cutar ya samo asali ne daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano ta a 1969 bayan ta yi ajalin wasu ma'aikatan jinya biyu na mishan. Wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke yawo da ƙwayar cutar, amma shi ba ta kwantar da shi. Fitsarinsa da kashinsa ne ke zuba a kan hatsi, ko garin tuwo, ko rogon da aka shanya a bakin titi, mutum ya ci bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna wata alama. A cikin waɗanda suka jigata kuwa, wasu na rasuwa, wasu na tashi da kurumta.

Abin da magidanci ya fi sani shi ne ya aika yaro ya sayo shinkafar ɓera ko fiya-fiya. A barbaɗa a bayan buhu, da safe a share gawa biyu ko uku, bayan mako guda a sake jin ƙwaraf-ƙwaraf a cikin silin. Ɓera na haihuwa da sauri, kuma muddin akwai abinci da maɓoya, na maƙwabta za su maye gurbin waɗanda suka mutu. Ga kuma haɗarin gubar ga yara da kaji. Hukumar NAFDAC ma ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni a 2019.

Tushen matsalar na waje, a juji da kwatar da ta toshe da bayan mahauta, kuma waɗannan ba su cikin ikon mai gida ɗaya. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara da kula da kasuwanni da mayanka a wuyan ƙananan hukumomi 774. Ma'aikacinsu na wannan fage shi ne dubagari. Dattawa na tuna yadda yake shiga gida da farin kaya, ya buɗe randa, ya leƙa masai, ya duba ƙarƙashin rumbu ko akwai rami, matan gida na rige-rigen ɗaukar tsintsiya tun yana zaure. An yi ƙorafin cin zali da karɓar na-goro, gaskiya ne, amma ana ganinsa. Yau akwai unguwannin da yaransu suka girma ba su taɓa ganinsa ba.

Tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, irin wadda ake yi a Kano, tana da amfaninta, sai dai sau da yawa a yashe kwata a tara dattin a gefen hanya, motar kwasa ba ta zo ba, ya zama sabon masaukin ɓera da kyankyaso.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A ganina, abin da ya kamata mazauna kowace mazaɓa su tambayi kansilansu shi ne dubagari nawa ke aiki a yankin, kuma wace rana motar shara ke zuwa kasuwarsu.