Rariya Ba Ta Rufa Asiri

Tambayi uwargida me aka dafa jiya, ƙila ta ce tuwo da miyar kuka, don kada maƙwabta su sa mata ido. Tsohuwa mai wayo kuwa ba ta tambaya. Rariyar gidan take leƙawa: ga jan manja a saman ruwan wanke-wanke, ga gashin kaza ya maƙale a bakin kwata. Shi ke nan, ta san an ci daɗi.

To haka masana suke yi wa biranen Turai kan sha'anin miyagun ƙwayoyi. Mai shan hodar iblis zai iya rantsewa bai taɓa ganinta ba, amma jikinsa ya narka ta, ya fitar da ragowarta a fitsari, fitsarin kuma ya bi bututu ya haɗu da na duk garin. A wani nazari da aka wallafa a 2005, masu bincike na cibiyar Mario Negri da ke Milan sun ɗebi ruwan kogin Po na Italiya sun auna, sai ga alamar hodar kusan kilo huɗu kullum, abin da ya zarce lissafin hukuma nesa ba kusa ba. Tun 2011 ake irin wannan awo duk shekara a birane da dama, ana kwatanta wannan da wancan. Antwap ta Beljiyam takan yi fice a hodar iblis, biranen ƙasar Cek kuma a ƙwayar met. Ranakun Asabar da Lahadi ma awon hodar yakan tashi, kamar yadda gashin kaza ke yawaita a kwata ranar sallah.

Har ɗanye da dafaffe suna bambancewa. Hodar da dillali ya zubar a masai don tsoron 'yan sanda ba ta bi ta jikin kowa ba, kuma awo yana nuna haka, tamkar ɗanyar shinkafa a rariya.

Sai dai rariya ba ta faɗin wanda ya ci, ko ƙato ɗaya ne ya share tukunyar, ko yara goma.

Abin da ke damuna shi ne namu garuruwan. Yawancin gidaje kowa da shaddarsa, babu babbar magudanar da za a je a ɗiba. Shi ya sa binciken 2018 na Najeriya, wanda ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shaye-shaye, ya dogara da tambayar mutane baki da baki. Yaron da ke haɗiyar tiramol a ɓoye, ko matar auren da ke kurɓar kodin, wa zai sa su faɗa wa baƙo mai takarda gaskiya?